Yawan Bincike, Yawan Algus? Yadda Girman Kimiyya Ke Gwada Amanar Masu Bincike

Da wuya rana ta fito ta faɗi mai wayar salula bai ci karo da saƙon da ya fara da "wani sabon bincike ya gano" ba. Yau a ce an ƙera batirin da zai yi mako bai mutu ba, gobe a ce kwana da waya a ƙarƙashin matashin kai na jawo ciwo kaza, jibi a ce an samo maganin wata cuta. Da zarar an ambaci sunan jami'a ko mujallar kimiyya, sai kowa ya sakankance, a yi ta tura saƙon daga wannan zaure na WhatsApp zuwa wancan.

Abin da galibin masu turawar ba su sani ba shi ne, a shekarar 2023 kaɗai an janye maƙalolin bincike sama da 10,000 daga mujallun kimiyya na duniya, kamar yadda mujallar Nature ta ƙididdige. Kafin wannan shekarar ba a taɓa janye adadi irin haka a shekara guda ba. Janye maƙala na nufin mujallar da ta buga ta ta fito fili ta ce kada kowa ya ƙara dogaro da abin da ke ciki. Wasu saboda kuskure ne, amma kaso mai tsoka saboda maguɗi ne.

Shin masana kimiyya ne suka lalace, ko kuwa harkar ce ta yi girman da ya fi ƙarfin masu sa mata ido? Amsar na da muhimmanci ga duk wanda ke shan magani, ko yake sayen na'ura, ko yake tambayar manhajar ƙirƙirarriyar basira, domin duk waɗannan a kan sakamakon bincike aka gina su.

Yadda ake tace bincike kafin a buga

Idan mai bincike ya kammala aikinsa, yakan rubuta maƙala ya aika wa mujalla. Edita sai ya tura ta ga wasu masana biyu ko uku na wannan fannin su karanta, su faɗi ko ta cancanci a buga. Galibi ba a biyan waɗannan masu tantancewa ko kwabo. Suna yin aikin ne a rarar lokacinsu, bayan koyarwa da nasu binciken.

Duk wanda ya san aikin haɗa manhaja zai gane wannan tsari, domin kafin a shigar da abin da wani ya rubuta cikin babbar manhaja, sai abokin aikinsa ya duba. Sai dai akwai bambanci babba. Mai duba manhaja na iya kunna ta ya ga ko tana aiki. Mai tantance maƙala kuwa ba ya sake yin gwajin, kuma sau da yawa ba ya ganin ainihin bayanan da na'ura ta fitar. Abin da aka rubuto masa kawai yake karantawa, ya auna ko ya shiga hankali. Tsarin an gina shi ne a kan amana: an ɗauka wanda ya aiko da maƙala gaskiya yake faɗa.

Manyan laifukan da ake kira maguɗin bincike guda uku ne: ƙirƙiro sakamakon gwajin da ba a yi ba, sauya alƙaluma ko hotuna domin su ba da amsar da ake so, da satar aikin wani a liƙa masa sabon suna. Kuskure na gaskiya ba ya cikin wannan jerin.

Daga mujallu biyu zuwa maƙaloli miliyoyi

Mujallun kimiyya na farko sun fito ne a shekarar 1665, ɗaya a Faransa ɗaya a Ingila. A lokacin, masu bincike 'yan ƙalilan ne, sun san juna, suna musayar wasiƙu. Wanda ya yi ƙarya, cikin waɗanda suka san shi zai ji kunya.

A shekarar 1963, wani masanin tarihin kimiyya mai suna Derek de Solla Price ya nuna cewa yawan masu bincike da maƙaloli na ninkawa duk bayan shekara 10 zuwa 15, ya kuma yi gargaɗin cewa ba zai yiwu a ci gaba da haka har abada ba. Wani nazari na baya-bayan nan ya gano cewa maƙalolin da ake shigarwa manyan rumbunan adana bincike guda biyu, Scopus da Web of Science, sun tashi daga kusan miliyan 1.9 a 2016 zuwa kusan miliyan 2.8 a 2022. Wato a kowace rana ana samun sabbin maƙaloli sama da 7,000. Yawan masu binciken da za su karanta su tantance bai ƙaru da wannan saurin ba.

Da abu ya yi yawa har ba a iya karanta shi, sai aka koma ƙirga shi. Jami'o'i da hukumomin ba da tallafi a ƙasashe da dama, har da Najeriya, suna duba yawan maƙalolin da malami ya buga kafin a ƙara masa girma. Ana kuma ƙirga sau nawa wasu suka ambaci aikinsa. Matasan da ke TikTok da Instagram sun san ƙarshen wannan labari: ranar da yawan mabiya ya zama hanyar samun talla, ranar kasuwar sayar da mabiyan bogi ta buɗe. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Matashin da ya kusa "canza" duniyar kwamfuta

A cibiyar Bell Labs ta Amurka aka ƙirƙiro transista a shekarar 1947, ɗan mitsitsin makunnin lantarkin nan da ake samun biliyoyinsa a cikin kowace wayar zamani. A ƙarshen shekarun 1990 wani matashin Bajamushe masanin fiziya, Jan Hendrik Schön, ya kama aiki a can. Nan da nan ya fara fitar da sakamako masu ban mamaki. Ya ce ya sa wasu sinadarai masu kama da roba sun yi aikin da silikon ke yi, har ya kai ga cewa ya haɗa transista da ƙwayar sinadari guda ɗaya tak. Da gaskiya ne, da kwamfutoci sun ƙara ƙanƙancewa da araha fiye da yadda ake zato.

A shekarar 2001, kusan duk bayan kwana takwas sai sabuwar maƙala ta fito da sunansa, da yawa a Science da Nature, mujallun da wasu ke shafe rayuwarsu ba su samu shiga ko sau ɗaya ba. Ɗakunan gwaje-gwaje a ƙasashe daban-daban suka yi ta ƙoƙarin maimaita abin da ya yi, ya ƙi yiwuwa. Da yawa suka ɗauka su ne ba su iya ba.

Abin da ya tona asirinsa ɗan ƙarami ne. Kowace na'urar awo na da ɗan hargitsin da take haɗawa da sakamako, kamar shuuu ɗin da ake ji a rediyo, kuma wannan hargitsi ba ya taɓa maimaita kansa daidai wa daida. A 2002 wasu masana, ciki har da Lydia Sohn da Paul McEuen, suka lura cewa zanen alƙaluman gwaje-gwaje mabambanta a maƙalolinsa na ɗauke da hargitsi iri ɗaya sak. Ma'ana zane ɗaya ne ake ta liƙawa ana canza masa suna.

Kwamitin da aka kafa ya nemi ainihin bayanan gwajin, sai Schön ya ce ya goge su saboda kwamfutarsa ba ta da isasshen wurin ajiya. A watan Satumbar 2002 kwamitin ya same shi da laifi a 16 daga cikin zarge-zarge 24, aka kore shi daga aiki. Science ta janye maƙaloli takwas, Nature ta janye bakwai, daga baya Jami'ar Konstanz ta ƙwace digirinsa na dakta. An wanke abokan aikinsa daga laifin maguɗi, amma tambaya ta tsaya: ta yaya mutum zai sa sunansa a kan gwajin da bai taɓa gani da idonsa ba?

Lokacin da maguɗi ya zama masana'anta

Schön mutum ɗaya ne, da hannunsa ya yi aikinsa. Abin da ke faruwa yanzu ya wuce nan. Akwai kamfanonin ɓoye da sana'arsu ita ce ƙera maƙalolin bogi, su nema musu gurbi a mujalla, sannan su sayar da gurbin suna a kansu. Mai son sunansa ya zo farko ya fi biyan kuɗi, na biyu da na uku su biya ƙasa da haka. Farashin kan kama daga ɗaruruwan daloli zuwa dubbai, kuma ana tallar a shafukan intanet da manhajojin hira kamar yadda ake tallar kowace haja.

Masu saye ba lalle ne mugaye ba ne tun asali. A ƙasar Sin, alal misali, an daɗe ana buƙatar likitocin asibiti su buga maƙala kafin a ƙara musu girma, alhali yininsu a kan marasa lafiya yake ƙarewa. Wasu jami'o'in ma kan ba da kyautar kuɗi a kan kowace maƙala, har sai da gwamnati ta hana hakan a 2020. A shekarar 2017, wata mujalla mai suna Tumor Biology ta janye maƙaloli 107 a lokaci guda, bayan an gano cewa adireshin imel na masu tantancewar da aka bai wa edita na bogi ne. Maƙalar na komawa ne hannun mutanen da suka aiko ta, su yabe ta da kansu.

Babban misali shi ne na Hindawi, kamfanin buga mujallu da aka kafa a birnin Alƙahira. A 2021 kamfanin Wiley na Amurka ya saye shi a kan dala miliyan 298. Tsarin Hindawi shi ne kowa na iya karanta maƙala kyauta, marubuci ne ke biyan kuɗin bugawa. Wannan tsari na da alfanu, musamman ga ɗalibin da ba shi da kuɗin sayen mujalla, amma yana da tarko: kowace maƙalar da aka karɓa kuɗi ce, wadda aka ƙi kuwa asara ce. Kamfanin ya riƙa fitar da "fitowa ta musamman" masu ɗimbin yawa, inda ake ɗauko baƙon edita daga waje a damƙa masa ragama. Ta wannan ƙofa masu ƙera maƙaloli suka shigo. Wani lokaci baƙon editan nasu ne, masu tantancewar ma nasu ne.

Daga cikin maƙaloli 10,000 da aka janye a 2023, sama da 8,000 daga mujallun Hindawi suka fito. Zuwa watan Mayun 2024 adadin da Wiley ya janye ya haura 11,000, ya rufe mujallu 19, ya kuma daina amfani da sunan Hindawi baki ɗaya.

Da kwamfuta ta shigo wasan

Tun a 2005 wasu ɗalibai uku na jami'ar MIT suka rubuta wata manhaja mai suna SCIgen, wadda ke harhaɗa manyan kalmomin ilimin kwamfuta ta fitar da maƙala mai kama da ta gaske, alhali babu ma'ana ko kaɗan a ciki. Sun yi ne domin su kunyata tarukan da ke karɓar komai muddin an biya kuɗi, kuma wani taro ya karɓi tasu. Wasa ya zama gaske, domin a 2014 kamfanin Springer da ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE sun cire maƙaloli sama da 120 da wannan manhajar ta rubuta, bayan wani masanin kwamfuta Bafaranshe, Cyril Labbé, ya gano su.

Sai kuma dabarar kauce wa manhajojin kama satar rubutu. Ɓarawo kan zuba rubutun wani a cikin manhajar da ke musanya kalmomi da masu kama da su, sai a samu jimloli masu ban dariya. A wasu maƙaloli, "artificial intelligence" ta koma "counterfeit consciousness", wato kamar a ce "jabun farkawa" a maimakon ƙirƙirarriyar basira. Labbé da abokan aikinsa Guillaume Cabanac da Alexander Magazinov sun bayyana wannan a 2021, kuma Cabanac ya haɗa manhajar da ke bin miliyoyin maƙaloli tana farautar irin waɗannan kalmomi.

Zuwan ChatGPT da ire-irensa ya ƙara sauƙaƙa aikin. A 2024 an ga wata maƙala a kan batirin litiyam, a wata mujallar kamfanin Elsevier, wadda gabatarwarta ta fara da jimlar da manhajar kan faɗa wa mai tambaya, cewa tabbas ga gabatarwar da za ta dace da batunka. A watan Fabrairun shekarar, wata mujallar kamfanin Frontiers ta buga hoton ɓera da manhajar Midjourney ta zana, da wata gaɓa da ta fi jikinsa girma, ga rubutun da ke jikin hoton ba na kowane harshe ba ne. An janye duka biyun. Abin tsoron shi ne, waɗannan sakarcinsu ne ya tona su. Wanda ya tsaya ya goge sawunsa fa?

Babban ɗakin bincike, babban rumbun bayanai

Girma ba a yawan maƙaloli kaɗai yake ba. Ɗakin bincike guda na iya ɗaukar mutum talatin ko hamsin, shugaban na can yana neman tallafi da halartar taruka, ƙananan ma'aikata ne ke gwajin. A ƙarshen 2022 wani ɗalibin ajin farko a Jami'ar Stanford, Theo Baker, ya fara rubutu a jaridar ɗalibai kan hotunan da ake zargin an taɓa a wasu maƙalolin shugaban jami'ar, Marc Tessier-Lavigne. Kwamitin bincike bai samu hujjar cewa shugaban ne da kansa ya yi maguɗin ba, amma ya tabbatar cewa an sauya bayanai a ɗakunan binciken da ya jagoranta, kuma bai tsaya tsayin daka ya gyara ba lokacin da aka ja hankalinsa. A watan Yulin 2023 ya sanar da ajiye muƙaminsa.

Akwai kuma yadda manyan alƙaluma ke rufe wa mutane ido. A ranar 22 ga Mayun 2020, ana tsakiyar annobar korona, mujallar The Lancet ta buga wani bincike da ya ce ya duba bayanan marasa lafiya sama da 96,000 daga asibitoci 671 a nahiyoyi shida, ya kuma gano cewa maganin hydroxychloroquine na ƙara haɗarin mutuwa. Wa zai ja da mutum 96,000? Cikin kwana uku Hukumar Lafiya ta Duniya ta dakatar da gwajin maganin da take gudanarwa.

Bayanan sun fito ne daga wani ƙaramin kamfani na Amurka mai suna Surgisphere, mai ma'aikata 'yan tsiraru. Masana suka fara ƙirga. Adadin mamatan da binciken ya ce an samu a asibitoci biyar na Ostareliya ya fi na ƙasar baki ɗaya a wannan lokacin. Alƙaluman Afirka ma suka ƙi shiga hankali, domin sun nuna kamar wani babban kaso na masu cutar a nahiyar na kwance ne a asibitocin da ke da cikakken tsarin ajiye bayanai a kwamfuta, abin da masu aiki a nahiyar suka san da wuya. Da sauran marubutan suka nemi a buɗe rumbun domin a tantance, kamfanin ya ƙi. A ranar 4 ga Yuni aka janye maƙalar, mako biyu kacal da fitowarta.

Daga baya wani babban gwaji na gaskiya a Birtaniya, mai suna RECOVERY, ya nuna cewa maganin ba ya taimakon masu korona da ke kwance a asibiti. Amma maƙalar bogin ta riga ta yi ɓarna: ta ɓata lokaci, ta kuma bai wa masu cewa duk kimiyya ƙarya ce abin kafa hujja.

Inda girma ke zama garkuwa

Duk da haka, kuskure ne a ɗauka cewa girma kansa ne cutar. Wasu daga cikin ayyukan kimiyya mafiya girma a duniya su ne mafiya tsauri wajen binciken kansu.

A cibiyar CERN da ke kan iyakar Suwizalan da Faransa, rukuni biyu ne masu zaman kansu, ATLAS da CMS, kowanne da dubban masana da na'urarsa daban, suka nemi ƙwayar da ake kira Higgs. Ba a yi shelar gano ta ba a ranar 4 ga Yulin 2012 sai da kowane rukuni ya ga alamarta a nasa ɓangaren. Wata maƙalar haɗin gwiwa da suka fitar a 2015 na ɗauke da sunayen marubuta 5,154. A irin wannan taro bayanai na ajiye a wurin da kowa ke iya dubawa, kuma maƙala kan sha tantancewar cikin gida kafin ta fita. Babu mai iya cewa ya goge bayanai saboda kwamfutarsa ta cika.

Masu aikin LIGO a Amurka, waɗanda ke farautar girgizar sararin samaniya, sun ma fi haka. Sun ware wasu mutane ƙalilan da ke da izinin cusa siginar ƙarya a asirce cikin na'urorin, domin a gwada sauran. A 2010 an ga wata sigina, aka shafe watanni ana nazari har aka rubuta maƙala, sannan aka buɗe ambulan aka ce ta gwaji ce. Daidai yake da kamfanin da ke ɗaukar masu kutse su gwada fasa manhajarsa kafin ɓarayi su zo.

Ko da kuskure ya faru, yadda ake tunkararsa daban ne. A watan Satumbar 2011 rukunin OPERA ya sanar cewa wasu ƙwayoyi da aka harbo daga CERN zuwa Italiya, tafiyar kilomita 730, sun riga haske isa da ɗan taƙi, abin da ya saɓa wa ka'idar Einstein. Masanan sun baje hanyoyin da suka bi, suka roƙi duniya ta taya su neman kuskure. Bayan watanni biyar suka gano cewa wata wayar fayiba da ke haɗa na'urar GPS da agogonsu ce ba ta ɗauru da kyau ba. Suka faɗa da bakinsu. Abin kunya ne, amma ba maguɗi ba ne.

Haka aka yi da LK-99 a watan Yulin 2023, sinadarin da wasu masu bincike a Koriya ta Kudu suka ce yana wuce da lantarki ba tare da asara ba a yanayin zafin ɗaki. Kafofin sada zumunta suka ɗauka, ana ta lissafin wayoyin da ba za su ƙara zafi ba. Da yake masu binciken sun bayyana yadda ake haɗa shi, ɗakunan gwaje-gwaje a ƙasashe da dama suka gwada, cikin 'yan makonni aka gano cewa ba haka ba ne. Schön ya yi shekaru kafin a gano shi. Wannan kuwa yawan masu gwadawa ne ya warware shi cikin wata guda.

Maguɗin ne ya ƙaru, ko kamun?

Duka biyun. A wani nazari na 2009, Daniele Fanelli ya tattara binciken jin ra'ayi da aka yi wa masana kimiyya, ya ga kusan kashi 2 cikin 100 sun amsa cewa sun taɓa ƙirƙira ko sauya bayanai, kusan kashi 14 kuma sun ce sun san abokin aikin da ya yi. Kashi 2 kaɗan ne a ƙaramin gari, amma a cikin miliyoyin masu bincike jama'a ce guda.

A 2016 Elisabeth Bik, masaniyar ƙwayoyin cuta 'yar ƙasar Holan, ta duba maƙaloli 20,621 da idonta, ta samu kusan kashi 4 cikin 100 na ɗauke da hotunan da aka maimaita ta hanyar da ba ta dace ba, kuma aƙalla rabinsu na da alamar da gangan aka yi. Daga baya ta bar aikinta ta koma wannan farauta kacokan.

Kayan aikin masu farautar ma sun ƙaru. Shafin Retraction Watch, wanda Ivan Oransky da Adam Marcus suka buɗe a 2010, na bibiyar maƙalolin da aka janye, kuma tun 2023 rumbunsa a buɗe yake ga kowa kyauta. Shafin PubPeer na bai wa mutum damar nuna matsalar maƙala ba tare da bayyana sunansa ba. Wasu mujallun sun fara amfani da manhajojin da ke gano hoton da aka kwafa ko aka juya. Saboda haka yawan janyewa na nuna ciwo, yana kuma nuna an fara shan magani. Ko a yanzu, maƙalolin da ake janyewa ba su kai ɗaya cikin ɗari na waɗanda ake bugawa ba, kodayake masu farautar na ganin waɗanda ba a kama ba sun fi waɗanda aka kama yawa.

Abin da mai waya zai iya yi

Ba sai mutum ya zama farfesa ba kafin ya kare kansa. Idan saƙon "bincike ya gano" ya shigo, abu na farko shi ne a nemi sunan mujallar, da na masu binciken, da shekarar. Saƙon da ba shi da ko ɗaya daga cikinsu bai cancanci a tura shi gaba ba.

Idan an samu taken maƙalar, a sa shi a Google Scholar a buɗe shafin mujallar, domin wadda aka janye galibi ana liƙa mata sanarwa a sama. Ana iya duba taken a Retraction Watch da PubPeer. Wannan na da amfani domin maƙalar da aka janye ba ta mutuwa nan take. Binciken 1998 da ya danganta wata allurar rigakafi da matsalar ƙwaƙwalwar yara a kan yara 12 kacal aka yi shi, an janye shi a 2010 bayan an tabbatar da rashin gaskiya a cikinsa, amma har gobe ana yawo da shi.

Sai a tambaya: akwai wasu masana daban da suka maimaita suka samu sakamako iri ɗaya? Bincike guda, komai girman sunan mujallar, mafari ne kawai. A kuma yi hattara da manhajojin hira, domin sukan ƙirƙiro sunan maƙalar da ba ta taɓa wanzuwa ba, su kawo ta da cikakken ƙarfin gwiwa. Ɗalibin da ke rubuta kundin kammala karatu ya tabbatar ya buɗe kowace madogara da kansa kafin ya saka ta.

Kammalawa

Kimiyyar da ta samar da transista, da GPS, da batirin da ke cikin wayar mai karatu tana nan tana aiki, kuma shaidar ita ce wayar na kunnuwa. Matsalar na tasowa ne a duk inda yawan abin da ake samarwa ya tsere wa yawan masu dubawa, aka koma auna mutum da ƙirgen maƙalolinsa. Inda aka ajiye bayanai a fili, aka bar wasu su maimaita gwaji, aka kuma girmama mai gano kuskure kamar yadda ake girmama mai gano sabon abu, yawan jama'a kan zama kariya. Nasa ɓangaren mai waya ɗan kaɗan ne: minti biyu na dubawa kafin ya danna maɓallin turawa.